Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Nazari Kan 'Ya'yan Baƙi a Tsibirin Moris

A watan Oktoban 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da jiragen sama, gwamnatin tsibirin Moris, wanda jaridu kan rubuta Mauritius, ta fito da wata sabuwar biza. Sharuɗɗanta ba su da yawa. Mutum ya nuna cewa daga wata ƙasa abincinsa ke fitowa, yana samun abin da ya kai dala 1,500 a wata, yana da inshorar lafiya da wurin sauka. In ya cika waɗannan, sai a ba shi izinin zaman shekara guda wanda ake iya sabuntawa, ya taho da matarsa da 'ya'yansa. Dalilin gwamnati ba ɓoyayye ba ne. A 2019 masu yawon buɗe ido kusan miliyan 1.4 ne suka ziyarci tsibirin, adadin da ya ɗara na mazaunansa gaba ɗaya, sai ga shi a 2020 otal-otal sun zama kufai, tattalin arzikin ƙasar ya ja baya da kusan kashi 15 cikin ɗari. Tunda baƙon mako biyu ya daina zuwa, aka shiga neman baƙon shekara.

Iyalai da dama sun amsa kiran, galibinsu daga Faransa da Afirka ta Kudu da Birtaniya. Idan aka tambayi iyayen me ya taso su, amsar kusan ɗaya ce: saboda yara. Suna son yaro ya tashi yana iyo a teku, yana wasa a waje ba tare da fargabar ɗan fashi ba, yana jin harshe biyu ko uku. Wannan amsa ce nake so in ɗora a kan sikeli, domin lissafin da ake yi kafin a ɗaure kaya lissafin manya ne: haraji, hayar gida, saurin intanet, awa huɗun da jirgi ke ci daga Johannesburg. Yaron da aka ce domin shi aka yi tafiyar ba a cika zama a lissafa abin da zai samu da abin da zai rasa ba. Ra'ayina shi ne, abin da ke yanke wa yaron baƙo hukunci a wannan tsibiri shi ne makarantar da aka sa shi da harshen da ya koya ko ya kasa koya, kuma tsarin da ke karɓar waɗannan iyalai an gina shi ne ta yadda yaro zai iya shekara goma a Moris bai shiga Moris ba.

Sai an san ƙasar kafin a gane wannan magana. Moris ɗan ƙaramin tsibiri ne a Tekun Indiya, kimanin kilomita 900 gabas da Madagaska, tsawonsa kilomita 65, faɗinsa 45. Babu wanda zai bugi ƙirji ya ce kakanninsa ne 'yan asalin wurin, domin babu kowa a cikinsa kafin zuwan jiragen ruwa. Mutanen Holan sun zauna daga 1638 zuwa 1710 suka watse. Faransawa suka kama shi a 1715, suka cika shi da bayi daga Madagaska da Mozambik, da wasu daga Afirka ta Yamma, shi ya sa har yau akwai unguwa a Port Louis, babban birnin, da ake kira Camp Yoloff, da sunan Wolof na Senegal. Ingila ta ƙwace shi a 1810. Da aka soke bauta a 1835, masu gonakin rake suka juya ga Indiya, aka yi ta jigilar leburorin kwantiragi har suka kusa kai rabin miliyan. Ƙasar ta sami 'yancin kai ranar 12 ga Maris 1968.

Ke nan tsibirin kansa tarin iyalai ne da suka ƙaura da 'ya'yansu, wasu da igiya a wuya, wasu da takardar kwantiragi a hannu. Abin da ya mai da 'ya'yan waɗannan baƙi 'yan ƙasa ɗaya shi ne Kreol, harshen da ya tsiro a bakin bayi da 'ya'yansu a ƙarni na 18, yawancin kalmominsa daga Faransanci, gininsa kuwa nasa ne na kansa. Yau kusan mutum tara cikin goma da shi suke magana a gida. Ingilishi harshen majalisa ne da takardun hukuma da jarrabawa. Faransanci harshen jarida ne da banki da shagon alfarma. Kreol kuwa shi ne na kasuwa, na cikin bas, na filin ƙwallo, na faɗa da na barkwanci. Baƙo babba zai iya gama duk harkokinsa da Ingilishi ko Faransanci, kuma mutanen Moris, da yake suna da kara, za su juya harshe domin su sauƙaƙa masa. Wannan karar ce take rufe wa yaro ƙofa ba da gangan ba: duk inda ya shiga sai a daina Kreol saboda shi.

Gidajen da waɗannan iyalai ke sauka ma suna da tarihi. Shekaru da dama Moris tana sayar da sukari ga Turai a kan farashi na musamman. Tsakanin 2006 da 2009 Tarayyar Turai ta zabtare wannan farashi da kashi 36 cikin ɗari. Manyan gonakin rake, waɗanda mafi yawansu ke hannun tsirarun iyalai jikokin Faransawa, suka ga noman bai cika biya ba, amma ƙasar tana da daraja in ta kalli teku. Tun 2002 gwamnati ta riga ta buɗe wa baƙi ƙofar sayen gida a cikin keɓaɓɓun rukunai, kuma wanda ya sayi gidan da ya kai dala 500,000 sai a haɗa masa da izinin zama. A 2020 aka sauko da kuɗin zuwa dala 375,000. Haka gonakin rake suka koma unguwanni masu katanga da maigadi da filin wasan golf, musamman a yamma wajen Tamarin da Rivière Noire, da arewa wajen Grand Baie. A duba wannan: mafi ƙarancin albashi a ƙasar a 2024 rupi 16,500 ne a wata, wato ƙasa da dala 400. Mai wannan albashi sai ya yi fiye da shekara 80 yana tarawa, bai ci ba bai sha ba, kafin ya kai kuɗin gida mafi araha da ke ba baƙo izinin zama. Saboda haka tun daga ranar farko, maƙwabcin yaron baƙo wani baƙo ne, ko kuwa ɗan masu hannu da shuni.

Daga gida sai makaranta, kuma nan ne gizo ke saƙa. Makarantun gwamnati kyauta ne, karatu wajibi ne har zuwa shekara 16, ɗalibi kuma ba ya biyan kuɗin bas. Littattafai da jarrabawa da Ingilishi suke, amma malami kan yi bayani da Kreol ko Faransanci, yara kuma a tsakaninsu Kreol suke yi. Tun 2012 ma ana koyar da Kreol a matsayin darasin zaɓi, a jere da Hindi da Urdu da Tamil da Larabci da Sinanci. Tsari ne mai tsananin gasa. Jarrabawar ƙarshen firamare tana da nauyi, ta sakandare ta Cambridge ce, kuma darasin ƙarin lokaci na biya ya zama kamar farilla, yaro ya tashi daga aji ya wuce gidan malami. Baƙi kaɗan ne ke kai 'ya'yansu can. Mai Faransanci yakan nufi Lycée La Bourdonnais a Curepipe ko École du Nord, inda ake bin manhajar Faransa. Mai Ingilishi yakan nufi Le Bocage ko Clavis a Moka, ko Northfields a arewa. Makarantu ne masu kyau, kuma ba baƙi kaɗai ke cikinsu ba, akwai 'ya'yan 'yan ƙasa masu hali da yawa.

Ban ga laifin uban da ya zaɓi irin wannan makaranta ba. Yana tunanin ranar komawa, yana son yaron ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai dai ya kamata ya san abin da ya zaɓa. Makaranta ita ke ba yaro abokai, abokai su ke ba shi harshe, harshe kuma shi ke ba shi gari. Yaron da mota ke ɗauka daga unguwa mai katanga ta sauke shi a makaranta mai katanga, ta mayar da shi kulob ɗin bakin teku da yamma, Kreol ɗin da zai ji bai wuce na mai shara da mai lambu da mai reno ba, wadda a can suke kira nenenn. Zai tashi yana ɗaukar harshen mutum tara cikin goma a matsayin harshen barori. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna a duk lamarin, domin tana shiga tarbiyya. Yaro ba ya karanta tarihin bauta kafin ya fahimci wane ne ke zaune, wane ne ke tsaye yana zuba abinci. Da ido yake koyo, kuma a wannan tsibiri launin fatar mai zama da na mai tsayuwa yakan bi layin da aka shata tun zamanin rake.

Masana sun daɗe da nazarin irin waɗannan yara. A shekarun 1950, John Useem da matarsa Ruth Hill Useem, masana zamantakewa daga Amurka, sun zauna a Indiya suna lura da iyalan Amurkawa da ke aiki a can. Suka ga cewa rayuwar waɗannan iyalai ba ta Amurka ba ce, ba kuma ta Indiya ba ce, wata al'ada ce ta uku da ta tsiro a tsakani, daga nan aka fara kiran 'ya'yansu yaran al'ada ta uku. Littafin da ya yaɗa wannan suna a duniya ya fito a 1999, na David Pollock da Ruth Van Reken. Ita Van Reken a Kano aka haife ta, 'yar mishan ce, a Nijeriya ta yi ƙuruciyarta, saboda haka daga jikinta ta san abin da take rubutawa. Abin da suka nuna shi ne, waɗannan yara sukan fita da baiwa: saurin sabo, jin harsuna, rashin tsoron baƙuwar fuska. Amma sukan fita da wani miki da ba a gani, na rabuwa bayan rabuwa da ba a ba su damar yin kukanta ba, domin kowa yana ce musu sun yi sa'a. Kuma sau da yawa mafi wuyar tafiya ita ce ta komawa ƙasar da fasfo ya ce tasu ce, inda kamanninsu na 'yan gida ne amma ba su san wasan gida ba.

Wannan nazari yana da amfani, amma akwai inda bai kai ba. Yaran da aka gina shi a kansu 'ya'yan mishan ne da sojoji da jakadu da ma'aikatan manyan kamfanoni. Bayan kowane iyali akwai hukumar da ta turo shi, ta san ranar zuwansa da ta komawarsa, kuma aikin uban yana haɗa shi da mutanen gari, ko da a asibiti ne ko a ofis. Iyalin da ya shigo Moris da sabuwar biza ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Uban yana zaune gaban kwamfuta yana yi wa kamfanin Paris ko Landan aiki, sharaɗin bizar ma ya hana shi shiga kasuwar ƙwadagon ƙasar. Ba shi da abokin aiki ɗan Moris da zai gayyace shi biki ko zaman makoki. Babu kuma wanda ya sa masa ranar tafiya, sai dai a ce bari mu ga yadda shekarar nan za ta kasance. Babba yana iya rayuwa a kan bari mu gani. Yaro ɗan shekara goma yana bukatar sanin ko abokin da ya yi bana zai same shi baɗi, kuma a makarantun da baƙi suka yi yawa, duk ƙarshen zango sai an yi ban kwana da wani.

Ga kuma takarda. Izinin zaman yaro reshe ne na izinin ubansa ko uwarsa. In aikin ya mutu, ko auren ya mutu, ko kasafin kuɗin wata shekara ya canza sharuɗɗa, kamar yadda ake yawan yi, zaman yaron ya girgiza. Haihuwa a tsibirin ma ba ta ba shi komai, domin tun 1995 jaririn da aka haifa a Moris ba ya zama ɗan ƙasa sai in ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. A ɗaya gefen kuma, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ɗan Birtaniya da ya gama sakandare a Moris zai iya tarar da cewa jami'ar ƙasarsa tana neman kuɗin baƙo a hannunsa, saboda ƙa'ida ta ce sai wanda ya zauna a ƙasar shekara uku kafin fara karatu ne ke biyan kuɗin ɗan gida. Iyaye kan gano wannan ne lokacin da yaro ya kai 17, bayan bakin alƙalami ya bushe.

Shekarun yaro suna da nasu hukunci. Ɗan shekara huɗu yakan ɗauki sabon wuri kamar yadda ƙasa busasshiya ke shan ruwa, haɗarinsa shi ne ya manta harshen kakarsa in ba a riƙe masa shi a gida ba. Ɗan shekara goma sha huɗu kuwa an cire shi ne daga abokai a lokacin da abokai suka fi komai, aka kawo shi inda mota ke ratsawa daga wannan baki zuwa wancan cikin awa biyu, inda kowa ya san kowa a cikin ɗan da'irar baƙi.

Batun lafiya da yanayi bai kai waɗannan nauyi ba, ko da yake shi iyaye suka fi tambaya. An kawar da zazzabin cizon sauro daga tsibirin, amma sauron da ke kawo dengi da cikungunya yana nan, an sha fama da cikungunya a 2005 da 2006, dengi kuma ya yi yawa a 2024. Daga Nuwamba zuwa Afrilu lokacin guguwar teku ne. Gargaɗin hukuma mataki huɗu ne, da an kai na biyu ake rufe makarantu. A Janairun 2024 guguwar Belal ta cika titunan Port Louis da ruwa har motoci suka yi ta yawo a kai. Da rani ana yanke ruwan famfo, kusan kowane gida da tankinsa. Yawancin abinci daga waje ake shigo da shi, saboda haka cefane da tsada. Duk waɗannan abubuwa ne da kuɗi da shiri ke magancewa.

Abin da kuɗi ba ya magancewa shi ne yadda masu gari ke kallon baƙo. A doka bakin teku na kowa ne, amma otal-otal da gidajen alfarma sun tare hanyoyin isa gare shi a wurare da yawa, har aka sami ƙungiyar fafutuka mai suna Aret Kokin Nu Laplaz, ma'ana ku daina sace mana bakin teku, wadda ta yi shekaru tana jayayya a kan rairayin Pomponette a kudu. Matasan ƙasar masu ilimi suna ficewa zuwa Kanada da Faransa da Ostareliya, wani ɓangare saboda albashi bai isa sayen fili ba. A lokaci guda dubban ma'aikata daga Bangaladash da Indiya da Nepal da Madagaska suna cikin masaƙu da wuraren gini da gidajen burodi. Su ma baƙi ne da suka zo neman rayuwa mafi kyau, 'yan ci-rani kamar yadda muka san ci-rani, amma irin takardarsu ba ta ba su damar tahowa da iyali ba, 'ya'yansu a waya suke ganinsu. Tsibiri ɗaya, baƙi iri biyu, kuma abin da ya raba su shi ne wane ne aka yarda ya zo da ɗansa.

Akwai ma iri na uku. Tsakanin 1968 da 1973 Birtaniya ta kwashe mutanen tsibiran Chagos kaf, domin Amurka ta kafa sansanin soja a Diego Garcia, ɗaya daga cikin tsibiran. Aka zube da yawansu a tashar jiragen ruwan Port Louis da 'ya'yansu, suka ƙare a unguwannin talakawa irin su Cassis da Roche Bois. Suna da kalma ta Kreol, sagren, da suke kiran baƙin cikin rabuwa da gida, kuma suna cewa shi ya kashe wasu daga cikinsu. Ba ina kwatanta wahalarsu da ta yaron da aka kawo a jirgin sama ba ne, tazarar ta yi yawa. Abin da nake nufi shi ne, mutanen wannan tsibiri sun san zafin cire yaro daga ƙasarsa fiye da yadda baƙo ke zato, har suna da sunansa, kuma yaron da ya ji Kreol ne kaɗai zai iya jin wannan labari daga bakin masu shi.

Abin takaicin shi ne, ribar da ake bari a ƙasa babba ce. Da wuya a sami wuri ƙarami kamar wannan inda yaro zai ga dubban mabiya Hindu suna tattaki zuwa tafkin Grand Bassin lokacin bikin Maha Shivaratree, ya ga Kiristoci sun yi dafifi a kabarin limamin coci Père Laval ranar 9 ga Satumba, ya ji kiran salla daga Masallacin Jummah na Port Louis, ya ga an ba da hutun ƙasa ranar Ƙaramar Salla da ranar Divali da ranar sabuwar shekarar Sinawa. Musulmi sun kusa kai kashi ɗaya cikin biyar na jama'ar, don haka iyalin Musulmi ba zai rasa masallaci ko naman halal ko makarantar Ƙur'ani ba, kuma sahun salla ƙofa ce ta shiga gari da baƙo Bature ba shi da ita. Zaman nan na addinai ba cikakke ba ne, an yi rikicin ƙabilanci a 1968, an yi tarzoma a 1999 bayan mawaƙi Kaya ya mutu a hannun 'yan sanda. Amma zama ne na gaske, wanda mutane suka koya da wahala, kuma darasi ne da ya fi iyo a teku amfani ga yaro.

Hanyar isa gare shi ba ta bukatar a cire yaro daga makarantarsa. Tana bukatar a kama haya a cikin gari maimakon bayan katanga, a sa shi ƙungiyar ƙwallon unguwa, a bar shi ya hau bas, a aike shi ya sayo abincin da ake kira dholl puri a bakin titi da bakinsa, a amsa gayyatar maƙwabci ko da ba a jin rabin hirar. Tana kuma bukatar iyaye su riƙa gaya wa yaro gaskiyar tsawon zaman, su bar shi ya yi kewar abin da ya baro ba tare da an tuna masa kyan teku ba.

Ga duk uba ko uwa da ke da wannan niyya, ko zuwa Moris ne ko wani tsibirin, ina roƙo da a zaunar da yaron kafin a sayi tikiti, a tambaye shi abin da ya fi tsoron rasawa, a kuma saurari amsar. In an isa, a cikin shekarar farko a nema masa aboki ɗan gari da harshen gari, kafin a nema masa malamin iyo.